Sandar Marayu

Kwarin Gamba,
6 ga Mayu, 2024.

Yaya Tasi'u,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya. Ya aiki, ya Legas da hayaniyarta? Mu nan lafiya lau sai zafi. Inna tana gaishe ka, ta ce in tambaye ka ko hanyar gida ce ta ɓace maka.

Na rubuto ne maimakon in kira, don ka san gidanmu, ko tari ka yi a ɗaki sai an ji a zaure, kuma maganar ta shafi Baba. Sai na shiga Bici gobe zan sami netwok in turo maka.

Yaya, ina cikin tashin hankali. Malam Badaru ya rasu, yau kwana goma sha biyu, Allah ya jiƙansa. Ka san shi ne mai riƙe da littafin gonakin garin nan tun kafin a haife mu, duk wata iyaka a kansa take. Da rani, da Dagaci ya ga jikin tsohon ya fara ƙi, sai ya kira ni ya ce tunda ni ce na karanta kwamfuta a kwaleji, in bi Malam gona gona in ɗauki muryarsa yana faɗin iyakar kowa. Sati uku muka yi, shi a amalanken shanu, ni a ƙasa riƙe da waya. Gona ɗari da goma sha biyu. Na ari kwamfutar ƙawata Aina'u na rubuta 'yar manhaja da yaren kwamfuta na Python, irin yadda ka taɓa nuna mini. Aikinta ta kwashe kowace murya daga wayar, ta sa mata sunan gonar kamar yadda yake a littafin Malam, ta ajiye a folda guda mai suna Gonaki. Na kwafi foldar a filashi na kai wa Dagaci, har ya sa mini albarka a gaban mutane. Na mayar wa Aina'u kayarta.

To, ana gama addu'ar bakwai Baba ya taso da maganar gonar rafi. Wai zai kewaye tasa da waya ya dasa mangwaro, kuma iyakarsa da ƙaninsa, marigayi Baffa Hashimu, daga kuka take. Inna Larai, matar Baffa, ta ce ba haka ba ne, daga ɗorawa take. Tsakanin kuka da ɗorawa kunya goma sha biyu ce, nan ne kaɗai mai damshi, nan take samun geron da take ci da 'yan matanta uku. Baba ya ce aro ya ba ta don tausayi, yanzu yana son kayansa.

Dagaci ya ce ai abu ya zo da sauƙi, a kunna muryar Malam. Na buɗe filashi a gaban dattawa. Yaya, babu! Na duba sama na duba ƙasa. Da na ƙirga sai na ga ɗari da uku. Tara sun ɓace, kuma taran nan duka gonakin marayu ne. Ko ɗaya ta mai ƙarfi ba ta yi ciwon kai ba. A wayar ma babu, manhajar ta kwashe su.

Ni kaina ban san abin da Malam ya faɗa a gonar rafi ba. Ranar da muka je ya karɓi wayar, ya ce in koma can nesa in tsaya, kada a ce 'yar gida ta sa baki. Ya sauka da sandarsa ya shiga shi kaɗai.

Kai ma ka san abin da ake cewa. Jiya a bakin famfo wata ta ce wai 'yar Alhaji Zubairu ta iya kwamfuta, ta san wadda za ta goge. Wallahi tallahi ban goge komai ba. Dagaci ya sa ranar Alhamis, ashirin da uku ga wata, don ana so a gama kafin ruwan shuka. In babu murya, maganar Baba za a bi, tunda shi kaɗai ya rage cikin waɗanda suka ga rabon gadon.

Don Allah ka taimake ni. Na rasa inda zan sa kaina.

Ƙanwarka,
Zulaihatu.

*

Legas,
8 ga Mayu, 2024.

Zulai,

Wa alaikumus salam. Na ga saƙonki, Allah ya jiƙan Malam Badaru, ya sa ya huta. Ki gai da Inna, ki ce mata hanya tana nan, aiki ne ya riƙe ni.

Ke dai har yau ba ki daina gaggawa ba. Kin kwashe fayil ɗari da goma sha biyu, ba ki ƙirga abin da ya shiga da abin da ya fita ba, kika ruga karɓar albarka. Kuma wa ya ce ki kwashe? Kwafa ake yi, a bar na asali inda yake har sai an tabbatar. Sau nawa na gaya miki? To, ya riga ya faru, share hawayenki mu yi aiki.

Na yarda ba ke kika goge ba, ko rantsuwar ma ba sai kin yi ba. Amma kwamfuta ba ta san maraya ba, ba ta san Alhaji ba. In fayil tara suka ɓace, akwai abin da sunayen taran nan suka haɗa wanda sauran ba su da shi. Ki turo mini abu uku: layin da kika haɗa sunan folda da sunan fayil, jerin sunayen gonakin daidai yadda kika buga su, kada ki gyara ko ɗigo, sai hoton shafi ɗaya na littafin Malam.

Maganar Baba da kuka da ɗorawa kuwa, kada ki sa ni a ciki. Shekara shida rabona da garin nan, ban san komai a kai ba. Ni dai fayil zan nemo miki.

Ki ci abinci. Na san ki, in ranki ya ɓaci sai ki yini da ruwan shayi.

Yayanki,
Tasi'u.

*

Kwarin Gamba,
Ranar Alhamis.

Zuwa ga ɗana Tasi'u,

Sallama irin ta addinin Musulunci. Ina gaishe ka, ƙannenka su Ramlatu suna gaishe ka. Ka yi haƙuri da rubutun, na makarantar yaƙi da jahilci ne, hannun bai saba ba. Na ba da takardar nan ga Ɗan Iya direba, mai ɗaukar wake daga Dawanau, ya ce ya san inda kake.

Ka ji abin da ake ciki. Ni ban yarda Zulai ta cuce ni ba, a bayana ta yi wayo. Amma ba zan ɓoye maka ba, shekaranjiya ta gaishe ni na kasa amsawa. Na dawo ɗaki na yi ta kuka, ban san ko don gonar ba ne ko don ita.

Tasi'u, ba maganar kwamfuta ce ta sa na ɗauki biro ba. Da Baffanka yana raye, layin gamba ne ya raba gonar nan, daga gindin ɗorawa har bakin rafi, shi ya dasa da hannunsa. Ranar da na fita takaba na je, na tarar babu ko tushe ɗaya, an tone an baje. Cikin satin ne ka zo gaishe ni, hannuwanka duk yankan gamba, ka kasa ɗaga ido ka dube ni. Shekara bakwai ke nan ban gaya wa kowa ba. Na san ba don kanka ka yi ba, kuma na san abin da ya kore ka daga garin.

Ba na so in haɗa ɗa da ubansa. Amma in kunyoyin nan suka tafi, sauran tudu ne, ko dami goma ba ya bayarwa. Ka duba wa Allah ka duba yaran nan.

Haza wassalam.
Innarka, Larai.

*

Kwarin Gamba,
11 ga Mayu, 2024.

Yaya,

Assalamu alaikum, ina fata ka tashi lafiya. Faɗan da ka yi mini na karɓa, na cancanta. Ga abin da ka nema, hoton da jerin sunayen suna haɗe. Layin kuwa shi ne:

os.path.join(folda, suna + ".mp3")

Folda ita ce Gonaki, a ɓangaren D na kwamfutar Aina'u, don ta ce C ya cika. Ai kai ka ce mini kada in riƙa manna sunaye da hannu, in bar join ya haɗa, shi ya san yadda ake yi. Kuma ko sau ɗaya manhajar ba ta yi ƙorafi ba, ta gama ta rubuta mini an kammala.

Na zauna na ƙura wa sunayen taran ido kamar yadda ka ce. Abu ɗaya na ga sun haɗa, shi ma ban ga ruwansa da maganar ba. Ka tuna sandar marayu? Malam in zai rubuta gonar da mai ita ya rasu ya bar ƙananan yara, sai ya ja ɗan karkataccen layi a gaban sunan. Na tambaye shi, ya ce don ido ya tsaya a wurin, mai karatu ya ji tsoron Allah kafin ya wuce. In yaran suka girma sai ya soke ta. Da zan buga sunayen ya ce kada in kuskura in bar ko ɗaya, ita ce ta fi komai a littafin. Na duba madannai na ga / ce ta fi kama da ita, na sa. Don haka ta Inna Larai haka take: /Hashimu Gonar Rafi.

Yanzu ga abin da ya fi damuna. Baba ya canza mini. Jiya ya dawo daga kasuwar Bici ya miƙo mini tsire a takarda, ni kaɗai, abin da bai taɓa yi ba tun da nake. Ya ce, "Allah ya yi miki albarka, ashe kin san gidanku." Yaya, shi ma ya ɗauka da gangan na yi! Na ce, "Baba, kuskure ne." Ya yi murmushi ya ce ai ya gane. Naman nan ban iya ci ba, na ba kyanwa.

Da zagin bakin famfo da albarkar nan, wallahi gara zagin.

Ka huta lafiya.
Zulaihatu.

*

Legas,
14 ga Mayu, 2024.

Zulai,

Wa alaikumus salam. Ajiye duk abin da kike yi ki karanta wannan da kyau. Fayilolinki ba a goge su ba. Sandar ce.

Aikin join shi ne ya jera adireshi, kamar a ce Kano, Bici, Kwarin Gamba, gidan wane. Yana ɗaukar guntu guntu yana sa alamar rabuwa a tsakani. Amma yana da wata ɗabi'a. In ya zo kan guntun da ya fara da /, sai ya ɗauka wannan cikakken adireshi ne da ya faro daga tushe, ya watsar da foldar da kika ba shi a baya. Ba zai yi ƙorafi ba, a ganinsa abin da kika nema ke nan. Saboda haka gonaki ɗari da uku sun shiga Gonaki, taran nan kuwa sun sauka a bakin D, a waje, ba cikin kowace folda ba. Ke kuma folda kika kwafa. Na gwada a tawa sau uku, haka yake yi. Laifina ne ma da ban taɓa gaya miki ba.

Suna nan a kwamfutar Aina'u in dai ba a taɓa ta ba. Ki tafi yau, ba gobe ba. Ki buɗe D, kada ki shiga ko'ina, ki duba ƙasa da foldoji. Kada ki bari kowa ya wanke kwamfutar nan. In kin samu ki kwafa wuri biyu. Nan gaba ki cire sandar daga suna kafin ki haɗa, ki ba ta gurbinta daban a jerin.

Sai magana ta biyu, wadda ta fi wuya. Na ce miki ban san komai ba. Ƙarya na yi. Takardar Inna Larai ta iso mini shekaranjiya, tun lokacin ban iya aikin kirki a ofis ba. Ni na tone gambar iyakar gonar rafi, Baffa bai yi wata biyar a ƙasa ba. Baba ya ce in je, na je. Daga gindin ɗorawa na fara. Ina da shekara goma sha tara, ba yaro ba ne, na san abin da nake yi. Shekara guda na yi ina ganin Inna Larai tana wucewa ta ƙofar gidanmu da kwanon fura, na kasa, na gudu. Karatu da aiki duk hujja ce na samu.

Ban san ko zan iya tsayawa gaban dattawa in faɗi wannan Baba yana zaune ba. Tsoro nake ji, ba zan ɓoye miki ba. Amma zan nemi hutu. In Allah ya yarda ranar Laraba ta mako mai zuwa ina gida.

Ki yafe mini faɗan da na yi miki. Naki kuskure ne, nawa kuwa ba kuskure ba ne.

Yayanki,
Tasi'u.

*

Bici,
19 ga Mayu, 2024.

Yaya Tasi'u,

Assalamu alaikum. Ina rubuto maka daga shagon mai gyaran kwamfuta.

Na je Kunci gidan Aina'u, ka san can aka kai ta bayan salla. Ta ce ai maigidanta ya ga kwamfutar tana nauyi, ya kai ta Bici a wanke. Shi kuma ya tafi cin kasuwa, wayarsa a kashe, ba wanda ya san shagon. Kwana uku ina jira a gidan amarya kamar wadda aka kora. Yau ya dawo, muka hau babur. Muna isa mai gyaran ya ce, "Ai Hajiya an gama, tas na wanke ta." Na zauna a kan benci ban san na zauna ba. Can ya ce, "Amma C kaɗai na taɓa, D ba a ce mini ba."

Na buɗe. Ga su nan a jere, su tara, a ƙasan foldoji, daidai inda ka ce. Na kwafa a filashi biyu da wayata.

Na sa abin kunne na saurari ta gonar rafi. Yaya, jin muryar Malam kaɗai ya isa ya karya mutum. Ana jin takun sandarsa da numfashinsa. Ya yi bisimilla, ya ce shi ya ja igiya ranar rabon gadon Kaka. Ya ce, "Iyakar Zubairu da Hashimu daga gindin ɗorawa take, ta miƙe gabas har rafi. Da akwai gamba, yanzu ban gan ta ba. Kuka tana cikin gonar marayu. Wanda ya ji wannan ya ɓoye, ni na sauke." Shi ke nan, minti ɗaya da rabi.

Ni ce na ji. Ni kaɗai, sai kai da nake gaya wa.

Na kira Innarmu na faɗa mata. Ta ce, "Zulaihatu, ki rufa wa ubanki asiri. Kowa ya riga ya san abin ya ɓace, ki bar shi a ɓace." Ta ce in na kunyata shi gaban dattawa, a wane gida zan kwana, kuma wa zai tsaya mini ranar aurena? Ba ta yi ƙarya ba. Ina son Baba, Yaya. Shi ya sayar da bijiminsa ya kai ni kwaleji lokacin da 'yan'uwansa suke cewa asara ce. Na yi niyyar in same shi shi kaɗai in kunna masa, ko zai janye da kansa ba sai an taru ba. Gobe bayan la'asar zan gwada. In ya ƙi, ban san yadda zan yi ba. Na sani mana, tsoron faɗa nake.

Ka ce Laraba. Don girman Allah ka zo. Ko ba za ka ce komai ba, ka tsaya kusa da ni kawai. In mu biyu ne fushin zai rabu biyu.

Ina jiran ka a tashar Bici.

Ƙanwarka,
Zulaihatu.

*

Kwarin Gamba,
Ranar Litinin.

Zuwa ga Tasi'u,

Sallama. Muna lafiya, da fatan kai ma haka.

An yi ruwan shuka ranar Asabar. Na shuka gero daga ɗorawa har rafi, Dagaci da kansa ya tsaya aka dasa sabuwar gamba. Sauran marayu takwas ma kowa ya ji iyakarsa.

Zulai ce ta kunna muryar Malam, gaban kowa, Alhaji yana zaune. Ta roƙe shi a gida tun farko, ya ƙi saurara. Wayar ta suɓuce mata ta faɗi, ta ɗauka ta sake kunnawa. Da muryar ta ƙare Alhaji ya tashi ya sa takalminsa, bai dubi kowa ba. Da yamma aka aiko da akwatinta. Tana ɗakina, ita da Ramlatu suke raba tabarma. Kullum da safe tana zuwa ƙofar zaure ta durƙusa ta gaishe shi, har yau bai amsa ba.

Ranar Laraba ta yini a tashar Bici tana jiran ka, tun hantsi har aka kira magariba. Duk motar da ta tsaya sai ta miƙe.

Maganar gamba na yafe maka, duniya da lahira. Ta tasha kuwa ba tawa ba ce.

Wassalam.
Larai.